Dakashin da Na Zubar da Hannuna

Da saniya ɗaya aka kawo ni gidan miji, kuma ita ce rabin abin da ya rage wa ubana a duniya. 'Yan shekaru kafin aurena cutar bushiya ta shiga garkenmu a gindin duwatsun Tsafe, ta yi mana tas. Da ta wuce, shanu biyu ne suka tashi da ƙafafunsu. Baba ya riƙe ɗaya, ya koma noma yana riƙe hauya kamar wanda aka ba aron hannu. Ɗayar kuwa ya ba ni.

Fara ce mai baƙin kunnuwa, ƙahonta na hagu ya ɗan karkace. Uwarta saniyar Innata ce, kakarta kuma ta kakata, haka irin ya yi ta bin mata a gidanmu. Inna ta riga ta rasu a lokacin. Saniyar ta tsufa, haƙoranta sun fara cinyewa, amma tana da ciki. Ranar da Baba ya ɗaure ta a turke a bayan ɗakina, ya ce mini wannan haihuwar wataƙila ita ce ta ƙarshe. Idan ta haifi mace, iri ya tsira. Idan ba haka ba, shi ke nan.

Mutanen gidan mijina manoma ne a wani ƙauye kusa da Ruwan Bore. Gero, dawa, auduga, ga awaki da jaki, amma tun kakanninsu ba a taɓa ɗaure saniya a gidan ba. Ba zan yi musu ƙarya ba, sun riƙe ni da kyau, mijin kuma ni na ce ina so. Sai dai a bazarar nan ba ya gida. Shekarar ce ake shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa, ta wuce Tsafe ta nufo Gusau, kowane ƙauye aka ce ya ba da majiya ƙarfi, shi ma aka tafi da shi ɗaukar ƙasa.

Sai Gwaggo. Yayar surukina ce, ita ce kuma unguwarzomar garin. Duk wanda ka gani yana tafiya da ƙafa biyu a ƙauyen nan, ita ta yanke masa cibiya. Mace ce mai kyauta, mai tsabta, ba ta da mugunta ko kaɗan, da hannunta ta ba ni zanen da na fi so. Ciwonta ɗaya ne: ta yi shekara arba'in ba wanda ya taɓa ce mata ta yi kuskure. Mutum in ya kai nan, ko jaki ya yi atishawa sai ya faɗa maka maganinsa.

Da hantsi saniyar ta haihu, rana ta fara zafi. Na ɗaga ƙafar abin da ta haifa na duba, sai ga mace. Na zauna a ƙasa ina dariya ina hawaye. Uwar ta yi ta lasarta, ita kuma ta yunƙura ta faɗi, ta sake yunƙurawa, har ta tsaya tana rawar ƙafa, ta fara laluben nono a ƙarƙashin cikin uwarta. Bakinta ya kusa kamawa ke nan sai ga Gwaggo ta faɗo wurin, ta ci ɗamara, matan gida na biye da ita. Ta sa hannu ta damƙe bakin 'yar maraƙar.

Ta ce, "Tsaya, tsaya! Wa ka barin jinjiri shi sha wagga ƙazanta? Dakashi na fa. Amarya, tatso min kaɗan ga ludayi."

Dakashi shi ne nonon farko, wanda ke zuwa ranar haihuwa, mai kauri, rawaya-rawaya. A garin nan ba a ba jariri shi. Matse shi ake yi a zubar har kwana uku, jaririn kuma a riƙa ɗura masa ruwan ɗumi da madarar akuya. To wannan na 'yan adam ne, ban ce komai a kai ba, don a lokacin ban haihu ba. Amma saniya?

Na tatso mata. Ta sunkuya ta tsinci tururuwa a gindin danga, ta jefa cikin ludayin, kowa ya leƙo. Haka take gwada nonon mai jego: in tururuwa ta yi iyo ta fita, nono lafiyayye ne, in ta maƙale, akwai dafi. Tururuwar ta ɗan yi motsi, ta maƙale, ta nutse.

Gwaggo ta ɗaga ludayin ta ce, "Kun dai gani da idonku. Ko tururuwa ba ta hita ba."

Mata suka ɗauki salati, wata na cewa Allah ya ƙara wa Gwaggo sani. Jama'a, a jefa tururuwar nan cikin zuma mana a gani ko za ta fita! Wa ya taɓa cewa zuma dafi ce? Wannan amsar tana bakina a ranar, har yau kuma tana nan, don ban faɗe ta ba. Abin da na iya shi ne na sunkuyar da kai na ce, a hankali, "Gwaggo, mu can ruga barin su akai su sha. Shi ka riƙe musu ciki."

Ta yi dariya ta dafa kafaɗata. "Can ruga? To ina shanun rugar taku, ɗiyata? In da shan dakashi ka raya saniya, ai da ubanki bai koma ga hauya ba."

Cikin raha ta faɗa, matan suka yi dariya su ma. Ni kuwa sai na ji kamar an watsa mini ruwan zafi a fuska. Mene ne haɗin bushiya da dakashi? Cutar da ta kwantar da manyan bijimai a rana ɗaya? Amma an ambaci ubana da hauya a gaban mutane, bakina ya mutu.

Sai wanda ya san yadda aka rene mu zai gane. Ban cika shekara a gidan ba. Ba na cin abinci a gabansu, ba na kiran sunan kowa, in surukina ya shigo nakan juya fuska ga bango. Tun ina ƙarama ake faɗa mini cewa amaryar da ta yi musu da surukai ubanta ta tsinka. Duk da haka da azahar na tattara ɗan ƙarfin halin da nake da shi, na durƙusa a bayan zanar zaure, na gaya wa surukina cewa maraƙin da bai sha dakashi ba da wuya ya yi rai. Ya saurare ni har na gama, mutumin kirki. Sannan ya ce, "Abin da Gwaggonku tac ce shi za a yi. Ita tay yanke cibiyar mijinki, ga shi nan ƙato."

Haka aka mayar da 'yar maraƙata jaririya. Gwaggo ta ɗauke ta zuwa ɗakinta, ta shimfiɗa mata tsohuwar tabarma. Ta datse mata cibiya guntuwa da aska, alhali mu barinta muke yi ta bushe ta faɗi da kanta. Safe da yamma takan ɗumama tsingaro a wuta ta gasa wurin, ta shafa wani tsohon mai da take ajiye wa jarirai a ɗan tandu. Ta riƙa ɗura mata ruwan ɗumi da madarar akuya da ludayi, tana yi mata waƙar reno. Mata har daga maƙwabta suna zuwa kallo, suna cewa wannan saniya ta yi dacen gida.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne tatsar. Saniyar ba ta yarda da hannun kowa sai nawa, kuma irin shanunmu ba sa sakin nono sai sun ga ɗansu. Don haka sau biyu a rana Gwaggo takan fito da 'yar maraƙar, ta kai ta gaban uwar, tana riƙe da bakinta gam. Uwar ta fara lasa, nono ya sauko, ni kuma in durƙusa in tatse. Ina jin 'yar tana fizge-fizge tana neman ƙwacewa, tana jin ƙamshin abin da aka halitta dominta, ni ina cika ƙwarya da shi. In na gama, mu zagaya bayan rumbu, in haƙa rami, in tuttule, in rufe da ƙasa don kada kare ya sha ya mutu. Wai kare ake tausayi! Sau shida na yi haka.

Na sha tambayar kaina me ya hana ni sato ta in kai ta wurin uwar ko sau ɗaya. Nakan ce ai Gwaggo tana zaune a bakin ƙofarta wuni guda tana kaɗi, kuma tare suke kwana. Wannan gaskiya ne, amma ba ita ce duka gaskiyar ba. Tsoron a kama ni a ce 'yar Fulanin nan ba ta da kunya ya fi mini tsoron mutuwar maraƙar. Na riƙa lallashin kaina cewa ai ƙaƙƙarfa ce, za ta jure.

Rana ta huɗu Gwaggo ta sake gwaji. Nono ya yi fari ya tsinke, tururuwa ta fita da gudu, aka saki 'yar ta sha. Ta sha kamar za ta tsinke hantsar uwar. Gida ya cika da murna.

Washegari da safe na san akwai matsala. A ruga, duba 'yan maruƙa aikin mata ne. Kowace safiya Inna kan bi dangwali, doguwar igiyar nan da ake jera su a kai, tana duba su ɗaya bayan ɗaya, ni ina biye. Ita ta koya mini cewa maraƙi ba ya ɓoye ciwo ga wanda ya san inda zai taɓa. Ka sa yatsa a bakinsa: mai lafiya bakinsa da ɗumi, zai kama yatsan ya ja. Ka taɓa hanci ka ji ko da laima. Ka kama kunne. Ka tsunkuli fatar wuya ka saki, ka ga ko za ta koma nan take. Ka ɗaga wutsiya ka duba, ka shinshina, ba a ƙyamar wannan. Daga ƙarshe ka lalubi cibiya.

Na bi su duka. Bakinta da sanyi-sanyi, ta kama yatsana ta saki. Hanci a bushe, kunnuwa sun langaɓe. Fatar wuya da na tsunkula ta tsaya a tsaye kamar an naɗe tsumma. Gindin wutsiya kuwa ya jiƙe da farin zawo mai ƙarni, ƙudaje sun riga ni zuwa. Cibiyar ta ɗan tasa, da zafi.

Wannan karon ban nemi izinin kowa ba. Na jiƙa bagaruwa, na dama garin 'ya'yan kuka, na tafasa ruwa na bar shi ya huce, na sa ɗan gishiri da ƙwayar kanwa. Ina ba ta kaɗan-kaɗan, sau da yawa, ta gefen baki don kada ta shaƙe. Na mayar da ita inuwar rumbu, na wanke mata gindi, na wanke cibiyar da ruwan gishiri, na zauna da reshen ganye ina korar ƙuda. Gwaggo ta zo ta tsaya a kaina ta ce ba laifi, ita ma bagaruwa take ba yara. Sai ta ƙara da cewa tabbas ranar haihuwa 'yar ta ɗan lashi dakashin kafin ta iso, shi ne yake fita yanzu.

Na aika wa Baba saƙo ta bakin masu tallar nono da ke zuwa kasuwar Gusau, don a bazarar nan ya bi wasu danginmu da tasa saniyar zuwa bakin gulbi, wajen Bungudu. Bayan kwana biyu zawon ya fara tsayawa. Idanunta da suka faɗa suka ɗan ciko, ta tashi da kanta ta je ta sha nono. Na fara sa rai.

Amma a rana ta bakwai na ga tana ɗingishi. Gwiwoyin gaba sun kumbura, na taɓa na ji zafi, ta janye ƙafa. Cibiyar ta yi tauri kamar ƙwallon goruba, da na matsa sai ruwa mai wari ya fito. Inna takan ce wannan ciwon ta cibiya yake shiga ya sauka a gaɓoɓi, kuma ya fi kama maraƙin da uwarsa ta mutu ko ta ƙi shi, wanda bai samu nonon farko ba. Wannan kuwa uwarta tana raye, tana son ta, tana tsaye a turke taku biyar daga inda take kwance.

Gwaggo ta duba ta ce belu ne, wato ɗan naman nan na maƙogwaro da wanzami ke cire wa jarirai. Ta ce laifinta ne ma da ba ta sa an cire da wuri ba. Aka aika a kira wanzamin garin.

Ya zo da zabirarsa, ya zauna ya baje kayan aiki kamar gidan suna. Ya buɗe bakin 'yar maraƙar ya leƙa. Ya juya ta wajen haske ya sake leƙawa. Ya cusa yatsa ya laluba har ta yi kakari. To me zai gani? Saniya ba ta da belu. Kowace yarinyar ruga da ta taɓa wanke kan saniya ranar Layya ta san haka. Na zaci zai ce bai gani ba, a wuce wurin. Ina! Mutumin nan ya goge yatsa a riga, ya girgiza kai, ya ce, "An yi latti, Gwaggo. Ya hwaɗa ciki. Shi as sa ta zawo."

Gwaggo ta ce, "Na hwaɗi!"

Tun da ya zo, ba zai koma da aska a bushe ba. Ya ce kumburin gwiwa mataccen jini ne, sai an yi ƙaho. Ya tsattsaga gwiwoyin biyu, ya kafa ƙaho, ya zuƙa. Dabbar da na kwana uku ina ɗura wa ruwa da ludayi don in mayar mata da abin da ta rasa, ita ake zuƙe wa jini ana zubarwa a kasko, ana nuna wa mutane baƙinsa. Uwar tana ta kuka tana jan turke. Kuma wa aka ce ya riƙe ƙafafun? Ni, don ni ce ba ta tsoro. Na riƙe.

Daga ranar ba ta ƙara tsayuwa ba. Nakan tatso nono in ba ta a kwance. Ƙudaje suka samu sabbin ƙofofi a gwiwoyin.

Baba ya iso rana ta goma da hantsi, sanda a kafaɗa, ƙafafunsa fari fat da tafiya. Ina jin muryarsa a zaure suna gaisawa da surukina: ina gajiya, ina iyali, ina zafi, ina labarin masu aikin jirgi, a sake komawa ina gajiya. Aka kawo fura, ya ce alhamdu lillahi, aka matsa, ya kurɓa. Ni ina bayan rumbu kamar in yi ihu. Sai da suka gama tsaf sannan ya nemi izinin shigowa.

Ya tsuguna gaban 'yar maraƙar bai dube ni ba. Ya sa yatsa a bakinta, ya ɗaga fatar ido, ya lalubi cibiya, ya daɗe yana kallon tsagar gwiwoyin. Sannan ya yi mini magana da Fulatanci, ƙasa-ƙasa, don kada mutanen gida su ji.

Ya ce, "Ta sha na farko?"

Na ce, "A'a."

"Uwar ce ta ƙi ta?"

"A'a. Zubarwa aka yi. Kwana uku."

Ya ce, "Saniyar nan ba ta tsaya wa kowa. Wa ya tatsa?"

Na ce, "Ni."

Da ya zage ni da na ji sauƙi. Ya shafa wuyan 'yar maraƙar, ya juyar da ita gabas, ya zaro wuƙarsa, ya yi bisimilla. Ya feɗe ta da kansa, ya ware fatar ya miƙo mini, don in riƙa nuna wa uwar lokacin tatsa, ko ta ci gaba da sakin nono.

Gwaggo ta zo tana share hawaye, kuma hawayen gaske ne, ta shaƙu da 'yar. Ta yi wa Baba gaisuwa, ta ce sun yi iyakar ƙoƙarinsu. Sannan ta juya ga surukina ta ce, "Ni na gane inda munka yi kuskure. Dakashin saniya ya hi na mutum ƙarhi, kwana ukku ba su isa ba. In Allah ya sa tas sake haihuwa, bakwai za mu yi."

Surukina ya ce, "Allah shi kai mu."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na je turke na kwance saniyar, na ja ta har gaban Baba, na tura masa igiyar. Da Hausa na faɗa, da ƙarfi, kowa ya ji. Na ce, "Baba, tahi da ita. Wallahi ba ta ƙara haihuwa gidan ga."

Wata mata ta rufe baki da hannu.

Baba ya karɓi igiyar. Ya dubi saniyar, ita ma ta miƙo hanci tana shinshinar rigarsa. Sai ya ja ta, ya mayar da ita turken, ya tsuguna ya ɗaure da irin ƙullinsa. Abin da aka ba 'ya ta kai gidan miji ba ya komawa, haka aka gada. Ya je gaban Gwaggo ya rusuna, mutumin da ya san shanu tun kafin ya san kansa, ya ce, "Ku yi haƙuri, yarinya ta. Ba ta san abin da takai ba. Mun gode da wahala."

Gwaggo ta ce ba komai, ai zafin rashi ne, ta yafe mini. Ita ce ta yafe mini!

Ko azahar bai jira ba ya kama hanyar Bungudu. Saniyar ba ta sake ɗaukar ciki ba, damina biyu bayan nan ta kwanta.

Da yammacin ranar aka dafa naman, gida ya ci, ni na ce cikina ke ciwo. Lokacin tatsa ya yi, na ɗauki fatar, ko bushewa ba ta yi ba, na shimfiɗa a gaban uwar. Ta shinshina, ta yi wani ƙaramin gunji, ta fara lasa a hankali, nono ya sauko. Ina cikin tatsa Gwaggo ta leƙo da 'yar ƙwaryarta, ta ce tun da yanzu ba mai sha, a ɗan sam mata na fura. Na cika mata har baki, na durƙusa, na miƙa mata da hannu biyu.